Gishirin da Na Dama wa Lambun Baba

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana aikin ofis, amma ban taɓa jin ya ba da labarin ofis ba. Labarinsa ɗaya ne, lambu. Wani ɗan fili ne a bayan gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda in ka shimfiɗa tabarma ashirin ka cinye shi, amma in Baba na maganarsa sai ka rantse da mota ake zagaya shi. Akwai latas, alayyahu, albasa mai lawashi, yakuwa, ɗan tumatir, sai bishiyar lemun tsami guda a lungu. Tun da ya yi ritaya, yana dawowa daga sallar asuba zai naɗe ƙafar wando ya kama guga. Mutumin da bai taɓa ɗauke kofin da ya sha shayi ba, shi ne zai ja guga hamsin ko tsaki babu.

Babban wanmu kuwa in ya kalli filin nan, shaguna yake gani. Guda huɗu a jere, suna kallon layin da ke ɓullewa Tarauni. Ya ma riga ya raba su a baki, kuma na ƙarshen nawa ne, in fitar da keken ɗinkina daga ɗakin Inna inda nake aiki a takure tsakanin gado da durowa. Da ya ishi Baba da naci, sai Baba ya ce:

"Ran da lambun nan ya daina ba ni ganyen miya, ku zo ku gina. Kafin nan kada wanda ya ƙara yi mini zancen."

Da gadara ya faɗa, don bai taɓa kawo wa ransa ranar za ta zo ba.

Daga rijiya abin ya faro. Muna yara ruwanta garɗi gare shi, maƙwabta har layi suke yi. Da unguwa ta cika, aka gine ko'ina, kowane gida da masansa da kwatarsa, sai ruwan ya fara zartsi. Shayi ya canza ɗanɗano, sabulu ya daina kumfa, wake ya koma sai ya wuni a wuta. Inna ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Baba ya ce bakinmu ne ya lalace da lemon kwalba, rijiyarsa lafiyarta ƙalau. Yana faɗa yana ɗiban na randar Inna yana sha. In ka yi masa maganar lambu kuma ya ce latas ba shi da harshe, ina ruwansa da ɗanɗano.

Ashe yana da shi. A ranin da nake ba da labari, gefen kowane fangalin shuka ya yi fari-fari kamar an barbaɗa garin rogo. Bakin ganye ya riƙa ƙonewa, latas ya tsaya cak ya ƙi girma, wanda ya daure ya girma kuma ɗaci. Baba ya ƙara ban ruwa, abin ya ƙaru. Ya ƙara takin zamani, abin ya ƙara ƙaruwa.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, iyayenta mutanen kudu ne amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Sista muke ce mata. Shekara da shekaru in ta fito shanya takan leƙo ta katanga ta ce, "Baba, sannu da aiki! Kai, lambun nan ya yi kyau!" Shi kuma ya yage baki, ya ciro alayyahu ya miƙa mata. In hawan jininsa ya motsa ita ke shigowa da abin awo.

Ana haka Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Unguwar Gano. Gwaggo ba ta taɓa ganin ciwon da ya zo da kansa ba, kowanne turo shi aka yi. Ta zagaya lambun da hannu a baya, ta taɓa ganye, ta kalli katanga, ta dawo ta zauna.

"Wa ke yaba shi?"

Baba ya ce babu kowa, sai dai Sista.

"Tana cewa tubarkalla?"

Baba ya ce shi dai bai taɓa ji ba.

"To kai ma ka ji. Baki ne. Shekara nawa ana zuba masa yabo tsirara, ai ma ya yi ƙoƙari."

Maganin da ta bayar kowa a unguwar ya san shi. A jiƙa ɗan gishiri a ruwa, a yi addu'a a tofa, a yayyafa a kusurwa huɗu har kwana bakwai. Cikin tafin hannu ta ce, na ji da kunnena. Amma Baba mutum ne da in likita ya ce ƙwaya ɗaya zai sha biyu don a gama da wuri. Washegari sai ga shi ya sauko daga adaidaita sahu da rabin buhun gishiri daga kasuwar Tarauni. A lissafinsa, bakin da ya yi shekara goma sha biyar yana aiki ba cikin tafin hannu ne zai kore shi ba. Kusurwa huɗu ma ta yi masa kaɗan, kowane fangali sai ya samu rabonsa.

Ya juye kwano uku a cikin duron da yake tara ruwa, ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya faɗarsa.

"Uwata, ɗauko tsohuwar muciyar nan ki dama mini. Bayana ya riƙe."

Na sani. Ba sai na yi boko ba ma, tun ina yarinya nake ganin Inna na watsa gishiri a bakin banɗaki in ciyawa ta dame ta, kwana biyu ta bushe. Maganar ta zo har kan harshena. Sai na hango shago mai ƙofar gilashi, da labule shuɗi, da sunana a rubuce a sama. Na haɗiye maganar, na sa muciya na dama, na dama da kyau har ba ƙwaya ɗaya da ta rage a ƙasan duron. Baba na ta sa mini albarka. Kwana bakwai ina damawa.

A rana ta biyu ya sa aka kafa zana a kan katangar Sista. Ya kuma rage mata gaisuwa, in sun haɗu a ƙofar gida sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce kamar mai sauri, alhali ba inda za shi.

Kafin sati ya cika latas ya kwanta. Alayyahu ya bi shi, tumatir ya yi baƙi, lemun tsami ya fara zubar da ganye kore shar. Gwaggo da ta dawo duba aikinta ta ce alama ce mai kyau, mugun abin ne ke fita. Baba kuwa yana bakin fangali. Yana tsugune yana ɗaga kan wani latas da yatsa, yana saki yana faɗuwa. Na ji tausayinsa, amma ban faɗi abin da na sani ba.

A daidai nan Sista ta yi sallama, da kayan aikinta a jiki, ta taso daga asibiti.

"Baba, ina wuni. Gwaggo, sannu da zuwa. Ni laifin me na yi aka kafa mini zana?"

Ba ta jira amsa ba, idonta ya kai kan lambun. Ta ajiye jaka, ta tsuguna, ta ɗebi ƙasa da yatsa biyu ta ɗora a harshe. Ta tofar.

"Baba, wannan ƙasa ko kifi aka binne a cikinta ba zai ruɓe ba. Me kuka zuba?"

Gwaggo ta ce magani ne.

"Maganin me?"

Gwaggo ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Ni na duƙufa kallon muciya. Baba dai duk taurin kansa ba ya ƙarya, ya ce:

"Na bakinki ne, Sista. An ce ba kya cewa tubarkalla."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan kifaffen bokiti. Da dariyar ta ƙare sai na ga idonta ya cika.

"Baba, shekara goma sha biyar ina cin ganyenka. Da ka faɗa mini ai da na koya."

Kunya ta kama Baba irin wadda ban taɓa gani ba. Ya tashi da kansa, da bayan nasa da ya riƙe, ya hau turmi ya ciccire zanar.

Sista ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa masu ciwon suga. Ta ce dama rijiyar ta daɗe tana ɗauke da gishiri. Kullum ya yi ban ruwa, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin a ƙasa, yau kaɗan gobe kaɗan, shi ne farin da yake gani. Shukar tana cikin ruwa amma ƙishi take ji. Shi kuma ya zo ya ƙara mata rabin buhu. Ta ce ya haƙa magudana, ya zuba takin shanu, ya jira damina ta wanke abin da za ta iya wankewa. Gwaggo ta ce ita dai cikin tafin hannu ta ce, a yi mata shaida, ta ɗauki takalmanta.

Baba ya yi duk abin da aka ce. Damina ta zo, yakuwa ta fito, alayyahu ya ɗan leƙo, ya riƙa zagaya mu da ganye uku a hannu kamar an yi masa haihuwa. Lemun tsamin bai farfaɗo ba. Da ruwan sama ya ɗauke Baba ya koma wa guga, don ba shi da wani ruwan, kuma ba a ban ruwan lambu da jarkar 'yan garuwa. Sati uku farin nan ya dawo. Ranar da Inna ta aika a sayo alayyahu a bakin titi, Baba da kansa ya kira babban wanmu ya ce ya zo da magina.

Yanzu shagon ƙarshe nawa ne. Baba kan fito da safe ya zauna a benci a ƙofarsa, tunda ba shi da abin yi har azahar. Duk matar da ta kawo ɗinki sai ya ba ta labarin tsohon da ya kashe lambunsa da gishiri, yana yi yana yi wa kansa dariya. A labarin nasa shi ya sayo, shi ya dama, shi ya zuba.

Wata safiya ba kowa a shagon, ina sa zare a allura, sai na ji ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Uwata, lokacin nan da kike damawa, ba ki sani ba ne?"

Na so in ce ban sani ba, bakina ya ƙi.

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallon titi.

"Tun ranar na gani a fuskarki," ya ce. "Zo ki ja mini bencin nan, rana ta iso ni."