Ganyen da Na Zaɓa wa Yaya

A ƙauyenmu da ke bayan Zugu, da zarar damina ta zauna an fara dashen shinkafa, Innarmu takan ɗora kasko a tsakar gida ta dafa man shafawa. Man kaɗe take narkawa a wuta marar ƙarfi, ta zuba ɗanyen ganyen dogon yaro da ta daka, sannan ta murtsuke ganyen bunsurun fadama a tafin hannu ta watsa. Ba ta bari ya tafasa. In ya koma kore-kore sai ta tace da tsumma mai tsabta, ta ɗura a tandu. Duk mai shiga fadama ya shafe ƙafafu da hannuwa da wuya, sauro da ƙyashi su yi ta shawagi ba su sauka ba. Wanda aka riga aka ciza kuwa a goga masa, ƙaiƙayin ya lafa kafin ya sosa ya zama gyambo. Ba ya maganin zazzaɓi, Inna ma ba ta taɓa cewa yana yi ba.

Wahalar aikin guda ce. Bunsurun fadama sai an yanke shi kafin ya fitar da kai, in ya yi fure ƙarfinsa ya tafi. A daidai lokacin kuma akwai wata ciyawa mai tsirowa kusa da shi, ganye iri ɗaya, kara iri ɗaya, wadda ko ƙuda ba ta kora. Inna tana ce mata 'yar rakiya. Ido ba ya raba su, sai hanci. Yayata ce ta gaji wannan hancin. Ni dai an yi ta shafe ni da man tun ina tatata, har fatauci ya ɗauke ni.

Na ga dabaru iri-iri a yawona. A Kamaru na ga ana dafa wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami a shafa ruwanta. A Gana ɓawon lemo suke busarwa su turara. A Sudan wani mai masaukina yakan jiƙa ganye mai ƙamshi a man riɗi. Duk inda na je sai na kai hanci, na tambayi sunan abin da harshensu, na ce namu ya fi. Ina alfahari da hakan.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu, mutane suka watse, wasu Anka, wasu Bukkuyum. Yaya ta koma Gummi wurin 'yarta. A lokacin yanar ido ta rufe mata gani, wata doguwar mura kuma ta tafi da jin ƙamshinta, ko daddawa aka kai mata hanci ba ta sani. 'Yar tana shiga dashen shinkafa a fadamar Gummi, ƙafafunta duk sun caɓe da cizo da susa. Ita ba ta koyi haɗa man ba, don daga gida kullum ake aiko mata da shi a dafe. Yaya ta dage sai ta koya mata tun tana da numfashi.

Na je gaishe su da hantsi, na tarar an kafa murhu, ga dami biyu na ganye a kan tabarma. 'Yar ce ta yanko su a bakin gulbi, wuri daban-daban. Ta tambayi mutanen gari, kowa ya ce mata ai duka bunsurun fadama ne. Ni ma na tare wasu Fulani masu nono na tambaye su da Fulatanci, suka ce su ganyen korar ƙudan shanu kaɗai suka sani.

Yaya ta ji muryata ta ce, "Alhajin yawo, Allah ya kawo ka. Taho ka shaƙa muna. Wane na Inna?"

Na ce, "Yaya, ni da na bar gida tun gemu bai fito ba?"

"Kai da anka shafe kamar ƙosai cikin mai? Har lasa kake in Inna ta juya baya. Shaƙa, in ba ka saida hancin can Gana ba."

'Yar ta yi dariya ta ce, "Kawu, yau dai a ga amfanin yawo."

Na murza ganyen farko na shaƙa. Sai ga ni a ɗakin mai masaukina na Sudan. Na murza na biyu, sai na ji kamar wata kasuwa a Kamaru bayan ruwa ya ɗauke. Na koma na farko, na dawo na biyu, har hancina ya daina rarrabewa. Tsakar gidanmu nake nema, da kaskon Inna, da ɗumin man a wuyana, amma wasu garuruwa sun zauna a wurin.

Na ce, "Wallahi Yaya ban tabbata ba."

'Yar ta ce wa Yaya, "Inna, ko mu bari na bakin gulbin su yi kai? Kin ce da hannu ma kina gane kan. Sai mu san wurin, mu yanka baɗi."

Yaya ta ce, "Wa ya ba ki baɗi? Dubi ƙafafunki, ni da ban gani ina jin yadda kike susa. Kai, zaɓi guda, mai ya narke."

Na miƙa na biyun. Ta karɓa ta shafa ganyen da yatsa, ta kai hanci don sabo, sannan ta kama hannun 'yarta ta nuna mata yadda ake murzawa. Ta ce mata, "Shaƙi wanga da kyau ki riƙe. Shi za ki nema kowace shekara." Daga nan ta koya mata sauran: yawan wuta, lokacin saukewa, yadda ake matse tsumma.

Ciyayin ba su kai ga yin kai ba. Gulbi ya cika a daminar nan ya shafe bakin gaɓa da duk abin da ke kai. Yaya kuma ta rasu da bazara, kafin ruwan fari.

Ƙafafun 'yar sun warke. Sai dai man kaɗe da dogon yaro su kaɗai ma suna iya wannan. Ta ce mini ƙyashi yana raguwa in ta shafa, amma yakan sauka jefi-jefi, ni kuma a tunanina na Inna ba ya barin ko ɗaya. Wataƙila ƙuruciya ce ke ƙara masa ƙarfi a raina.

Yanzu duk damina takan aiko mini da gwangwani guda. Ta koya wa 'ya'yanta mata da maƙwabta, duk suna bin warin ganyen da na miƙa, suna ce masa man Inna. Na gaya mata sau da yawa cewa ban tabbata ba, takan ce, "Kawu, ai Innata ta karɓa." In gwangwanin ya iso nakan buɗe in daɗe ina shaƙa, sannan in shafa a ƙafa in rufe.