Kunun Ƙiba na Yaya Bara'atu

Yayata Bara'atu ba ta taɓa ɗora wa yarinya talla ba, jikinta ne tallarta. In ta fito daga gidanta a Tudun Wada, mai keke kan dube ta ya ce, "Hajiya, mazaunin mutum biyu fa!" Ita kuwa ta yi ta dariya har da riƙe ƙugu.

Sana'arta kunun ƙiba: gero, gyaɗa, madara, sukari ba awo, da ƙwayoyin sha-ka-fashe da take dakawa a ciki. Iyayen amare daga Tsafe, daga Bungudu, har Bilbis suke kawo 'ya'yansu, su kalli damtsen Yaya su ce, "Irin wannan muke so." Kowace tukunya sai Yaya ta sha kwano guda a gabansu, don su san ba cuta.

Na yi magana har na gaji. Amsarta ɗaya ce: "Ke Jamila, da kike kamar sillen kara, hassada ke cin ki."

Bara ne gajiya ta kama ta. Zama ba ya yi mata, kwanciya ba ta yi mata, ta tashi, ta zauna, hannu dafe da gefen cikinta na dama. Da ƙyar na ja ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ta ce sinadaran da hanta ke saki cikin jini in ta galabaita sun hau, kuma kitse ya taru a hantar.

"Ba a makara ba, Hajiya. Ki bar ƙwayoyin nan da zaƙi, ki rage ƙiba, ki riƙa taka ƙasa. In kin ƙi, hantar na iya ƙeƙashewa."

Yaya ta ce, "Likita, in na rame, mi zan nuna ma mutane?"

Wallahi kamar in fashe don haushi! Daga nan aka shiga an yi ba a yi ba. Da safe ta zura hijabi ta zaga unguwa tana haki, da hantsi masu saye su zo ta ɗaga kwano ta shanye. Tsoron mutuwa na cin ta, tsoron rama na cin ta.

Ana haka aka sa ranar Ummulkhairi, ɗiyarta ɗaya tilo, wadda suke kamar hanta da jini. Uwar ango ta aiko daga Damba: ɗiyar mai kunun ƙiba a tsamure? Ai abin kunya ne, a gyara ta.

Ranar da za a fara gyaran ina gidan, tsakar gida cike da masu saye. Yaya ta dama kunu da hannunta, ta cika kwano ta miƙa wa Ummulkhairi. Yarinyar ta yi bisimilla ta kai baki. Sai na ga Yaya ta dafe gefen cikinta, ta zabura ta fizge kwanon, ta watsar a ƙasa.

"Ba za ki sha ba!"

Can wata tsohuwa daga Tsafe, riƙe da hannun jikarta, ta ce, "To Hajiya, namu 'ya'yan fa?"

Yaya ta juya ta dubi tukunyar kunun, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "Jamila, kama min gefe ɗaya."

Muka kai ta bakin kwata muka kife.