Mai Kama Gidan Gaba

Shekarar da Yaya ya buɗe wa motocin Baba shafi a intanet, ni aka zaunar a buro, ɗan ofishinmu da ke cikin tashar Konni. Aikina in duba waɗanda suka kama wuri ta waya zuwa Badagishiri, in faɗa wa direbobi. Baba bai so ba, shi dai a zo a yi sallama a zauna. Sharaɗinsa guda: ranar da shafin ya sa mota ta tashi da gurbi, a rufe shi, ni kuma in koma gida.

Ina son buron nan. Tsakanin mota da mota ina karanta littattafan soyayya, ƙamshin tsire na shigowa ta taga.

Sai wani ya fara kama gidan gaba. Ba suna, ba lamba, kuma ba ya zuwa. Bayan kwana biyu ya sake. Ni kuwa na gama ƙera shi a zuciyata: dogo, mai kunya, ɗan Tajaye da ya dawo daga ci-rani, ya hango ni ta taga ya kasa magana. Har turare na ƙara. Nakan roƙi direba ya ɗan dakata kafin ya ba wani wurin, shi kuma ya ce angon nawa hala a kan jaki yake tahowa.

Ranar kasuwar Badagishiri motar ta tashi gidan gaba wayam, Baba na tsaye. Bai yi faɗa ba, ya aika a kira Yaya.

Yaya ya daɗe gaban na'ura kafin ya yi dariya. Ya ce ba mutum ba ne. Manhajar bincike tana da ɗan aike, inji ne mai zagaya shafuka yana karantawa, kuma yanzu har umarnin da aka rubuta cikin shafi yakan aiwatar. Maɓallin kama wuri ba shi da wani tsaro, gidan gaba kuma shi ne na farko, sai ya riƙa taɓa shi. Daga nan dariyar ta ɗauke. Ya ce ƙofar da injin ya bi tana kaiwa ga lambobin wayar fasinjojinmu da ranakun tafiyarsu. Inji bai nufi kowa da sharri ba, amma ɓarawo zai iya bin sawunsa.

Baba ya ja casbinsa.

"Wanga baƙo ya nuna muna ɓarakar katanga," in ji shi. "Ka toshe ta yau. Ke kuma, wanda bai faɗi sunanshi ba, ba a aje mishi wuri."

Yaya ya toshe, na ci gaba da zama a buro. Washegari wata tsohuwa daga Bazaga ta samu gidan gaba, da ƙwaryar wake a cinya. Na rufe mata ƙofa a hankali, na koma kan littafina.