Kwantiragin da ban sa wa hannu ba

Assalamu alaikum. Shekarun baya, in ka je filin ƙwallo na Talata Mafara da la'asar ka tambayi mai lamba tara, kowa zai nuna maka ni. Saurayi ne ni a lokacin, ga gudu ga ƙarfin ƙafar hagu, ba ni da buri a duniya da ya wuce in buga wa ƙungiyar ƙwararru. Babanmu manomin shinkafa ne a Bakura. Yayana kuma yana kabu-kabu a Maradun, da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, amma duk ranar da muke da wasa sai ya bar aiki ya zo ya tsaya bayan raga yana ihu har muryarsa ta dushe.

A wata gasa ne kocin wata babbar ƙungiya daga wata jiha ya gan ni. Ba a jima ba suka aiko jami'insu har gida. Ya ce za su ba ni kwantiragi da ɗakin kwana da abinci, in na ji rauni kuma magani a wuyansu. Albashin dai bai taka kara ya karya ba, bai kuma ɓoye mini dalili ba: ya ce su ma tsadar rayuwa ta taɓa su, har kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu ya janye. Baba ya ce in karɓa in gode wa Allah. Yaya ya ce ƙofa ce ta buɗe, in shiga tukuna, sauran ya biyo baya.

Ana cikin haka wani dillalin 'yan wasa ya samu lambata. Ya ce mini ni ba ɗan wasan araha ba ne, abin da za su ba ni ko takin gonar Baba ba zai saya ba, in ja musu rai, akwai wata ƙungiya da za ta ninka. Maganar ta shiga kaina, don a lokacin kwanon masara ya gagari mutane, ina ganin yadda Inna ke rage tuwo. Duk sanda jami'in ya kira sai in ce ina shawara. Ya ƙara ɗan abin da ya iya, na ce bai isa ba. Daga nan ya ce mini kasuwar 'yan wasa ta kusa rufewa, ba za su jira ni har abada ba. A makon ne wayar dillalin ta daina shiga.

Da kunya na kira jami'in na ce na amince. Ya ce in zo kafin Juma'a, in ba haka ba sun ba wani gurbin. Sai ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke a garuruwa. Kasuwa ta rufe, direbobi suka ƙi fita. Baba ya roƙe ni in haƙura har ƙura ta lafa, na ce in na rasa wannan na rasa komai. Yaya ya zo daga Maradun ya ce in hau babur ɗinsa, zai kai ni inda zan samu mota, ai ba zai bari wahalar da na sha ta tafi a banza ba.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da taron matasa sun tare hanya da tayoyi masu ci da wuta. Yaya ya rage gudu yana neman wajen juyawa. Sai ƙarar harbi, sai hayaƙin barkonon tsohuwa, kowa ya watse. Wata mota da direbanta ke neman tsira ta yi baya da gudu ta kwashe mu. Na farka a asibiti gwiwata a farfashe. Da na tambayi Yaya, sai Inna ta juya baya ta rufe fuska da mayafi. An riga an kai shi makwanci, ban ko samu sallarsa ba.

Kocin ya kira ya yi mini ta'aziyya. Cikin tausayi ya ce da na sa hannu tun farko, da ranar ina sansaninsu ina atisaye. Ya ce yana so ya taimaka da magani, amma hukumar ƙungiya ta ce ni ba ɗan wasansu ba ne. Gaskiyarsu ce. Gwiwar ta warke a karkace, yau da ɗingishi nake tafiya. Na koma Bakura ina taya Baba noma, 'ya'yan Yaya suna hannuna. Baba bai taɓa ce mini kai ka ja ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na koyi cewa talauci yana sa mutum ya fi jin maganar baƙo mai daɗin baki a kan ta iyayensa. 'Yan uwana matasa masu buga ƙwallo, neman haƙƙinku ba laifi ba ne, amma ku san wanda ke ba ku shawara da abin da zai rasa in ta ɓaci. Dillalin nan bai rasa komai ba. In gari ya rikice kuma, ku zauna gida, ko me ke jiran ku a gaba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa yayana a addu'a.