Idon Ghali da Safar Suwidin

Duk wanda ya sauka Guangzhou ta ƙasar Sin daga Kano da samfur a jaka, kafin ya gama kwance kaya wani zai ce masa, "Nemi Ghali." Shekara goma sha huɗu muna ofis ɗaya da shi a unguwar Liwan, tebur na kallon tebur, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Ghali mutumin Fagge ne, ɗan mai ɗinkin hula. Bai gaji allurar ba, ido ya gada. Ka miƙa masa yadi, sai ya ɗaga shi wajen taga, ya murza da yatsa biyu, ya faɗa maka irin zaren da inda za a yi maka irinsa. Ba shi da shago, ba shi da kaya ko dozin ɗaya. Sunansa shi ne jarinsa, kuma yana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Ba ya yarda kowa ya duba masa aiki.

Yana da wata ɗabi'a da mutanenmu suke so. Ba ya maido maka samfur yadda ka kawo shi. Sai ya ƙara wa launi haske, ya sa ɗan ƙyalli a baki, ya rage kauri saboda zafin gida. Wai mutumin kirki ba ya auna mudu a shafe, sai ya yi masa tsororuwa.

Bara, lokacin babban baje kolin da ake yi a Guangzhou da kaka, wani ya kawo masa wata Baturiya 'yar ƙasar Suwidin mai suna Gunnel, wadda ke da ɗan kanti a garinsu. Ta zaro safa daga cikin tsumma kamar mai fito da gwal. Ta ulu ce, mai kauri, fara da ba ta gama fari ba, da taurari masu tsini takwas ja da baƙi a jere. A wuyanta an saƙa haruffa uku da wasu lambobi. Ta ce kakarta ce ta saƙa da hannu, zanen ƙauyensu ne, tana so a yi mata irinta sak. Ta maimaita "sak" ɗin har sau uku, sannan ta tafi wani gari na mako uku.

Tana fita Ghali ya murza safar, ya yamutsa fuska.

"Allah sarki," in ji shi. "Ashe can ma akwai talakawa. Ji kaushi kamar buhun gyaɗa. Tsohuwar nan ko kuɗin rini ba ta da shi."

Na ce, "Ghali, sak ta ce."

"Kowa sak yake cewa. Wanda ya san abin da yake so ai ba zai zo wurina ba."

Ya kai samfurin wata ƙaramar masaƙa. Mai masaƙar ya ce irin wannan ulu "meyo", wato babu, sai an jira. Ghali ya ce gara ma da babu, a sa zaren roba mai santsi. Farin a mayar da shi fat. Taurarin a zagaye su da zare mai ruwan gwal. Haruffan kuwa ya ce a cire, don ya tabbata sunan wani kamfani ne, kuma ya sha ganin kwastan sun riƙe kayan mutane saboda satar suna. Ya dawo ofis yana ta cika baki, wai ya ceci baiwar Allah daga masifa. Ko gwaji bai tura mata ba, ya ce a buga katan hamsin.

Ranar da ta dawo, ta ɗauki guda ta juya ta. Daga baya ta tambayi inda haruffan suke. Ghali ya yi mata bayanin kwastan yana murmushi. Ta ce sunan kakarta ne, da shekarar da aka yi mata aure. Wallahi na ji kunya kamar ni na yi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe safar kakarta, sannan ta ciro wata irinta da ta saƙa da kanta ta ajiye masa a tebur, ta ce ya sa ya ji. Ta bar masa katan hamsin ɗinsa.

Labari ya zaga. Mako biyu babu wanda ya hawo benenmu da samfur. Ghali ya rame, ya daina shan shayi da mu.

Sai ga Hajiya Salamatou, 'yar kasuwa daga Maraɗi, ta zo neman atamfa, ta yi tuntuɓe da katan.

"Malam Ghali, wanga kaya mi yake yi nan?" Ta buɗe, ƙyalli ya haske mata ido. "Kai! Wanga ai na amare ne!"

Ta kwashe duka. Kafin wata biyu babu ko ɗaya da ta rage a Maraɗi, 'yan Yamai suna waya, 'yan Kantin Kwari suna tambaya. Masu cewa idon Ghali ya mutu suka koma cewa ai har Turawa ya fi gani.

A watan Janairu aka yi irin sanyin nan na Guangzhou mai laima, wanda tayil ke huda tafin ƙafa. Wata safiya na sunkuya ɗaukar biro, sai na hangi ƙafarsa a ƙarƙashin tebur cikin safar Gunnel, mai kaushin nan. Ya ga na gani. Ya ja ƙafar wando ya rufe.

"Shekara goma sha huɗu," ya ce a hankali, "yau ne kawai ƙafata ba ta yi mini ciwo ba. Na riƙe abin nan a hannuna, na murza shi, ban ga komai ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Salamatou ce, tana son katan ɗari biyu, amma a ƙara ƙyalli. Ghali ya ce to, za a ƙara.