Fasinjojin Jika

A tashar Laranto, wajen 1978, ba a yi ɗan kamasho mai dabarar Jika ba. Ya san matafiyi ba ya son mota wayam, don haka ya tanadi mutum shida marasa aikin yi, yana zuba su a motar Bauchi, kowa da ƙunshin tsumma a cinya. Fasinja ya leƙa ya ga ta kusa cika, ya shiga. Su kuma su zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wai za su fitsari. Babbansu Datti ya shekara tara yana tafiya Bauchi, bai taɓa wuce ƙofar tasha ba.

Ana nan sai matar Jika, Tabawa, ta fara haki ko buta ta ɗauka. Tafin hannunta ya yi fari fat, dasashinta na zubar jini. Likita ya ce a cikin ɓargon ƙashi jiki ke yin jini, nata ɓargon kuwa ya ajiye aiki. Gogan naka ya yi sati yana kwaso ƙasusuwan shanu daga mahauta yana ɗura mata romo, har sai da likita ya zaunar da shi: ɓargon da aka ci, ciki yake zuwa. Ƙarin jini ne kaɗai zai riƙe ta.

Jika ya ba da nasa, bai isa ba. Ya roƙi 'yan tasha, kowa ya ce ɗibar jini na rage ƙarfin namiji. Ranar ya ji tsoro na gaske.

Washegari ya zuba mutanensa a mota kamar kullum, ya rufe ƙofa, ya ƙifta wa direba ido.

Datti ya ce, "Oga Jika, motar nan fa tafiya take yi."

"Asibiti za mu. Wanda ba ya so, ya sauka a can."

Biyu suka tafi fitsari. Huɗun da suka ga Tabawa a kan gado suka miƙa hannu, Datti na ta salati ido rufe.

Ta farfaɗo, har ta samu bakin yi wa Jika faɗan romo. Amma likita ya ce jinin aro ƙarewa yake, bayan wata ɗaya sai an ƙara. Jika ya kasa sake roƙon kowa.

Ran da wata ya cika, ya iso tasha. Ya tarar da mota cike da leburori da masu dako, Datti na tsaye a bakin ƙofa.

Datti ya ce, "Mu an ce ba za a sake ɗibar jininmu ba sai bayan wata uku. Waɗannan sun san inda za su. Shiga gaba, oga."