Lasifika Biyu a Akwati Ɗaya

Ko zan manta komai na samartakata a Haɗeja, ban da ranar da lasifika biyu suka kusa raba ni da jita.

Lokacin arzikin man fetur ya fara shigowa, kowane saurayi da rediyonsa a kafaɗa, ni kuwa jita ce ta shiga raina. Kawuna da ya riƙe ni tun rasuwar babana masunci ne, kuma ko ganinta ba ya son yi. Hayaniya yake kiranta. Da aka gayyace ni wasa a bikin ɗan wani amininsa a wani ƙauye na bakin kogi wajen Auyo, sai ya kira ni ya ce, "Ni ma zan je. In dattawa suka tashe ka, ka ajiye abin nan ka kama taru. In suka bar ka, na bar ka." Na ce na yarda, da ƙarfina kuwa, don a lokacin kaina rawa yake.

Akwatin amfilifayata lasifika biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, da batirin mota nake kunna shi. Biki ya matso ke nan ɓera ya shiga ya cinye takardar ta ƙasa. Na ruga wurin abokina mai gyaran rediyo kamar zan yi kuka. Ya zaro wata da ya ciro daga motar masu tallan magani, girmansu ɗaya, ta zauna daram. Muka gwada cikin hayaniyar kasuwa, ta yi ƙara, muka tafa. Wallahi ko a jikinmu, mu dai tunda girma ya zo ɗaya ai shi ke nan.

Ranar biki bayan la'asar aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gindin tsamiya, dab da akwatina, don su ake ba gaba. Samari na bayansu. Mutanen tsallake kuwa ba su ma sauka ba, suna zaune cikin kwale-kwalensu a bakin ruwa. Kawu na can gefe ya harɗe hannu.

Ina kaɗa tsirkiyar farko sabuwar lasifikar ta kwarma ihu. Wani tsoho ya toshe kunne ya ce, "Kai yaro! Jita ce wannan ko tallan maganin tsutsar ciki?" Wuri ya ɗauki dariya. Na yi maza na rage murya, sai kaurin sautin nan mai daɗi na tsohuwar lasifikar ya ɓace ɗungurungum, saura tsiwar sabuwar kaɗai, ga na cikin kwale-kwale suna ta "Ba ma ji!" Na ƙara, dattawa suka yamutsa fuska. Uban ango ya miƙe yana kakkaɓe riga, na san abin da zai faɗa.

Na juya da faɗa kan abokina mai gyaran rediyo, wanda ya rako ni. "Ka kashe mini tsohuwar, ka huta!"

Ya kamo hannuna ya ɗora yatsuna a kan takardarta, ya kaɗa tsirkiya da ɗaya hannun. Na ji tana rawa.

"Da ranta," ya ce. "Wuta ɗaya suke sha. Waccan don cika kasuwa aka yi ta, kaɗan ya ishe ta ta yi ihu. Wannan tana magana, danne ta ake yi."

"To cire shegiyar mu huta!"

"Amfilifayar ta biyu ce, in ka bar mata ɗaya za ka jawo mana wata matsalar. Sai dai mu nisanta su."

Na durƙusa gaban uban ango na ce, "Baba, a yi mana haƙuri kaɗan." Ya dubi Kawu, Kawu ya kau da kai. Tsohon ya koma ya zauna.

Abokina ya kwance sabuwar, ya ƙara mata doguwar waya, muka toshe gurbinta da faifai da tsumma. Amma lasifika tsirara ba ta da murya, sai an sama mata abin da za ta zauna a ciki. Muna ta dube-dube sai ga Kawu ya taso daga bakin ruwa da babbar gorarsa ta su, wadda yake hawa yana jefa kifi ciki. Ya dire ta a gabana.

"Ba don ina so ba ne," ya ce. "Don kada ka ce ba a yi maka adalci ba."

Muka ɗora lasifikar a bakin gorar, muka ɗaure, aka kai ta gaɓa aka juya fuskarta ga kogi. Na ce bisimillah na sake kaɗawa. Tsohuwar ta fito da muryarta a hankali, mai kauri, daidai kunnen dattawa. Can kuma na ga na cikin kwale-kwale suna buga filafili a ruwa suna bin kiɗa. Tsohon nan mai maganin tsutsa har da gyaɗa kai. Ba wanda ya tashi sai da rana ta yi ja. Daɗin da na ji ranar, har yau ban sake jin irinsa ba.

Muna haɗa kaya Kawu ya tsaya a kaina. "Ashe haka muryar jitar take," ya ce.

Na ce, "Kawu, bari in kwance maka gorarka."

"Bar lasifikar a ciki. Ina da wata gorar."

Tun daga ranar, in na tarar da biyu a wuri ɗaya, ɗaya na danne ɗaya, ko lasifika ne ko mutane, ba na saurin cewa mai shirun ya mutu, ba na kuma korar mai ƙarar. Wurin zama nake sake musu, sai ka ga an ji kowa.